A Fara Da Birki Idan Na'urar Riƙe Gudun Mota Ta Daina Aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wata tangarda ta mota da direbobi da yawa ke ɗauka ba a bakin komai ba, alhali sau da yawa tana nuni ga abin da ya shafi lafiyar direba da ta waɗanda ke biye da shi a kan titi. Ina magana ne a kan na'urar nan mai riƙe gudun mota, wadda makanikai ke kira kurus, wadda direba kan kunna a doguwar hanya ta ci gaba da tafiyar da mota a kan gudu ɗaya ba tare da ya ɗora ƙafa a kan totur ba. Idan ta daina aiki, masu mota sukan kasu gida biyu. Akwai masu watsar da ita su ce kayan ƙawa ce, tun da mota na tafiya ko babu ita. Akwai kuma masu kai mota gareji a shiga canza kaya ɗaya bayan ɗaya bisa hasashe, har a kai ga zargin kwamfutar injin, matsalar kuwa tana nan daram. A ganina duka biyun sun kauce hanya, kuma dalilinsu ɗaya ne, wato rashin la'akari da yadda aka tsara wannan na'ura.

An gina ta ne a kan ƙa'ida guda: da zarar ta yi shakka a kan wani saƙo da take samu daga sauran sassan mota, sai ta janye ta bar wa direba tuƙinsa. Wannan kuwa shi ne daidai, domin babu mai hankalin da zai so na'urar da za ta ci gaba da ba mota wuta alhali ba ta da tabbacin ko an taka birki ko ba a taka ba. Saboda haka a mafi yawan lokuta ita kanta lafiyarta ƙalau, abin da take dogara da shi ne ya samu matsala, kuma ƙin aikin nata hannunka-mai-sanda ne ga mai mota. Injiniyan Amurka Ralph Teetor, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, shi ne ya samu takardar mallakar fasaharta a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fara fitar da motoci masu ita a 1958. Daga wancan zamani zuwa yau an bar tiyo da wayar ƙarfe an koma ga kwamfuta da rada, amma har gobe abubuwa huɗu take buƙata kafin ta yi aiki: umarni daga maɓallan direba, sanin gudun da mota ke yi, tabbacin cewa ƙafa ba ta kan birki, da kuma hanyar da za ta buɗe totur ko ta rage shi. Wanda ya riƙe waɗannan a ransa ya san inda zai sa ido.

Kafin a yanke hukuncin cewa ta lalace, ya kamata a tabbatar an cika mata sharuɗɗanta. Yawancin motoci ba sa yarda ta kama sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa, wasu kuma 30. Dole a kunna babban maɓallinta tukuna kafin a danna SET, wato maɓallin da ke sa ta riƙe gudun da ake kai, kuma a wasu motoci wannan maɓalli yana kashe kansa duk lokacin da aka kashe injin. Birkin hannu da bai sauka duka ba, ko giyar da ba ta dace ba, kowanne yana iya hana ta. Akwai ma motocin da aka haɗa maɓallinta da na na'urar taƙaita gudu, mai alamar LIM, ta yadda direba zai yi ta danne-danne yana kan wannan yana zaton yana kan waccan. Littafin mota ya fayyace duk wannan a shafi biyu ko uku, kuma karanta su ya fi sauƙi fiye da yini a gareji.

Bayan haka sai a lura da irin yadda take ƙin aikin, domin nan ne ake fara gano bakin zaren. Idan an danna babban maɓalli amma ko alamar ba ta fito a allon gaban direba ba, zargi ya fi karkata ga wuta, wato fiyus, ko maɓallan, ko wayar da ke cikin sitiyari. Idan alamar ta fito amma na'urar ta ƙi riƙe gudu, to wuta na zuwa, wani abu ne ke hana ta, kuma nan ne birki da kuloci da sensar gudu ke shigowa. Idan kuma takan kama sannan ta saki da an faɗa rami ko an taka gargada, akwai abin da ya yi sako-sako, ko waya ko makunni. Mai mota da ya iya ba makaniki wannan bayani dalla-dalla ya rage masa rabin aiki, ya kuma rufe ƙofar hasashe.

Fiyus ba ya buƙatar dogon bayani. Murfin akwatinsa da littafin mota suna nuna wanda za a duba, sai dai a sani cewa a motoci da yawa babu fiyus mai sunan kurus shi kaɗai, yana tarayya ne da fitilar birki ko ham, don haka a duba su ma. Idan ya ƙone a sa mai lamba irin tasa, ja mai amfiya 10 a gurbin ja, shuɗi mai 15 a gurbin shuɗi. Ɗabi'ar nan ta naɗa siririyar waya a madadin fiyus, ko sa wanda ya fi ƙarfi don kada ya sake ƙonewa, abu ne da nake roƙon a daina, domin fiyus ɗin da ya sake ƙonewa nan take yana faɗa maka ne cewa akwai wayar da ke taɓa jikin mota, kuma idan ka hana shi ƙonewa wayar ce za ta ƙone a madadinsa.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne makunnin birki, domin a nan matsalar ta fi yawan ɓuya, kuma a nan ne haɗarin yake. Wani ɗan ƙaramin makunni ne da ke saman fedar birki, ƙarƙashin sitiyari, wanda sai mutum ya durƙusa da tocila yake ganinsa. Yana da ɗan tsinke da fedar ke dannewa idan tana hutawa a sama, da an taka birki sai tsinken ya fito, fitilun baya su kama, a lokaci guda kuma saƙo ya je wa kwamfuta cewa a saki totur. A jikin fedar, daidai inda tsinken ke taɓawa, motoci da yawa suna da wata 'yar roba wadda girmanta bai wuce maɓallin riga ba. Da shekaru da zafi takan bushe ta farfashe, sai mutum ya ga 'yan gutsattsari masu launi a kan shimfiɗar ƙafa bai san daga ina suka fito ba. Da zarar ta faɗi, tsinken sai ya shige cikin ramin da ta bari, motar kuma ta ɗauka cewa ana kan birki kullum. Sakamakon haka kurus ya ƙi kamawa, fitilun birki su tsaya a kunne ko an zare makulli, da safe a tarar batir ya mutu. Na ga an canza batir sabo fil a kan wannan, alhali 'yar robar ce kawai ta faɗi.

Saboda haka gwaji na farko da nake ba kowa shawara ba ya buƙatar kayan aiki. A ajiye mota, a sa wani ya tsaya a baya, a taka birki a saki, a ga ko fitilun uku duka suna kamawa suna mutuwa a kan lokaci, har da ta saman gilashin baya wadda ake yawan mantawa da ita. Idan babu mai taimako, a juya bayan motar ga bango da dare, hasken zai nuna. Idan fitilun ba sa kamawa ko kaɗan, to maganar kurus ta zama ƙarama, domin motar da ke tafiya ba fitilar birki tana gayyatar wanda ke bayanta ya afka mata ne, kuma bai kamata ta sake hawa titi ba sai an gyara. A mota mai canza giya da kanta akwai wata alama kuma, wato giya ta riƙa maƙalewa a kan P ko an taka birki, domin wannan makunnin ne ke ba ta izinin fita.

Sai dai kada kamawar fitilun ta sa a wanke makunnin gaba ɗaya. A motocin zamani makunnin yakan ƙunshi hanyoyin wuta biyu a gida ɗaya, ɗaya ta fitilu, ɗaya ta kwamfuta, kuma suna aiki ne akasin juna, idan wannan ta haɗe waccan ta rabu. Ana iya samun ta fitilu lafiya lau ta kwamfutar kuwa ta mutu, ko kuma su riƙa saɓa wa juna da ɗan lokaci kaɗan, wanda ya isa kwamfuta ta yi shakka ta kashe kurus. Haka nan fedar da ta saki, ba ta komawa sama sosai, tana iya barin tsinken a tsaka-tsaki. Makanikai suna da dabarar gane wannan: a miƙaƙƙiyar hanyar da babu kowa, a matsakaicin gudu, sai a ɗan ɗago fedar birki da bakin ƙafar hagu na ɗan lokaci a danna SET, idan ta kama to makunnin ne ke buƙatar daidaitawa ko canji. Ni dai na fi son a yi wannan gwaji mota na tsaye, da na'urar gwaji mai nuna abin da kwamfuta ke gani, domin a kan allonta za a ga saƙon birki yana sauyawa ko ba ya sauyawa ba tare da an sa ƙafa ƙarƙashin feda ana tafiya ba.

Su kansu ƙwayayen fitilar suna da ruwa da tsaki a cikin lamarin. A wasu tsofaffin motoci na'urar tana bi ta cikin zaren ƙwan birki ne ta tabbatar da cewa hanyar wuta a haɗe take, don haka idan ƙwayayen suka ƙone sai ta ƙi aiki. Irin wannan kan faru kuma idan aka cire ƙwayaye na asali aka sa na LED, saboda wutar da suke ja ta yi kaɗan har motar ta ɗauka babu ƙwai a wurin. Duk wanda kurus ɗinsa ya tsaya jim kaɗan bayan canza fitilun baya, ko bayan an yi masa wayarin na jan tirela, ya fara da mayar da abin da aka taɓa yadda yake. Mota mai giyar hannu kuma tana da irin wannan makunni a fedar kuloci, aikinsa shi ne ya saki totur da an taka kuloci don kada injin ya yi ta kuka a banza, kuma duk abin da na faɗa a kan na birki ya hau kansa.

Domin a san cewa wannan ɗan makunni ba abin rainawa ba ne, ya isa a tuna abin da ya faru da kamfanin Ford. Tsakanin 1999 da 2009 kamfanin ya yi ta kiran motoci a mayar da su domin gyara, har adadinsu ya haura miliyan 14, saboda wani makunnin kashe kurus da aka ɗaura a jikin babban famfon birki. Man birki kan ratsa cikinsa ya ci ƙarfen, shi kuma yana ɗauke da wuta ko mota a kashe take, har ya yi zafi ya kama da wuta mota na ajiye. Ɗaya daga cikin alamomin da aka gargaɗi masu motocin a kai shi ne kurus ya daina aiki. Wanda ke da tsohuwar motar wannan kamfani ta wancan zamani, ya dace ya bincika da lambar jikin motarsa ko tana cikin waɗanda aka kira, kuma ko an yi mata gyaran.

Idan birki ya fita daga zargi, sai a koma ga sitiyari. Maɓallan kansu sukan lalace da ƙura da gumi da abin sha da ya zube, kuma a motoci da yawa dukkansu waya ɗaya ko biyu suke bi, kowane maɓalli yana aika nasa ma'aunin wuta, ta yadda datti kaɗan ke sa kwamfuta ta kasa bambance SET da CANCEL. Amma abin da ya fi yawan yankewa shi ne wata faffaɗar waya mai kama da zirin leda da ke naɗe a bayan sitiyari, wadda makanikai ke kira kulok sifirin. Ita ce ke ba sitiyari damar juyawa dama da hagu ba tare da wutar ham da maɓallai da jakar iska (jakar da ke buɗewa ta kare direba idan an yi karo) ta yanke ba. Alamarta a bayyane take: kurus ya mutu tare da ham ko maɓallan rediyo, ko fitilar jakar iska ta kama, ko kuma maɓallan su riƙa aiki sai an karkata sitiyari wani gefe. Sau da yawa hannu ne ke tsinka ta, lokacin da aka kwance ƙarfen sitiyari a ƙasa aka bar shi yana wulwulawa, ko aka mayar da ita ba a saita ta a tsakiya ba.

A nan ina jan kunnen masu son gyara da kansu. Jakar iska tana fashewa ne da ƙarfin da zai iya karya wuyan wanda ya sunkuya a kanta, don haka ba a taɓa tsakiyar sitiyari sai an cire kan batir an jira iya lokacin da littafin gyaran motar ya faɗa, domin na'urar tana riƙe sauran wuta bayan an cire batir. Wayoyinta da mahaɗansu galibi launin rawaya ne, kuma ba a sa musu mitar gwada wuta ko fitilar gwaji, saboda 'yar wutar da mitar ke fitarwa tana iya tayar da ita. Wannan aikin mai wayarin ne wanda ya san kan abin. Kuma idan wannan waya ce ta yanke, a sani cewa mai yiwuwa jakar iskar direba ba za ta buɗe ba ranar da ake buƙatarta, wanda shi kaɗai ya isa dalilin gaggauta gyara ko da mutum bai damu da kurus ba.

Batun sanin gudu kuma ya danganta da shekarun mota. Tsofaffi suna da sensa guda a jikin akwatin giya, kuma idan ta mutu allurar mitar gudu takan faɗi ko ta riƙa rawa, giya mai canza kanta kuma ta riƙa fizga. Sababbi suna karɓar gudun ne daga sensocin da ke kowace ƙafa na ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki. Waɗannan suna zaune a wurin laka da ruwa da zafi, bakinsu yakan tara garin ƙarfe, wayarsu takan goge a jikin taya ko ta tsinke wajen aikin ƙafa. Akwai boris da ake ƙerawa da zoben maganaɗisu a fuska ɗaya, idan aka buga shi a juye sensar ba za ta karanta komai ba, sai a fito daga gyaran boris da fitilar ABS a kunne da kurus a mace. Ko tayoyin da girmansu ya bambanta, ko ƙaramar safaya da aka bari a ƙafa, suna iya sa ƙafafun su riƙa ba da gudu mabambanci har kwamfuta ta ƙi amincewa da kowanne. Ƙa'idar dai ita ce, idan fitilar ABS ko ta hana sulɓi tana kunne, a fara da ita.

Haka ma fitilar injin. Wasu kamfanoni, Subaru na cikin waɗanda aka fi sani da haka, sun tsara motocinsu ta yadda da fitilar injin ta kama sai kurus ya tsaya alamarsa ta riƙa ƙiftawa, ko da matsalar ba ta da alaƙa da shi, kamar sensar hayaƙi ko fulogin da ya gaji. A nan ne na'urar gwaji ke da amfani. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci tsarin OBD-II, wanda ke ba na'urar gwaji damar karanta lambobin matsalar mota, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, kuma shi ya sa kusan kowace mota a yau take da mahaɗi mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0500 tana nuni ga sensar gudu, P0571 ga hanyar makunnin birki, P0504 kuwa ga saɓanin nan tsakanin hanyoyi biyu na makunnin da na ambata. Abin da nake so a fahimta shi ne, lambar tana faɗin hanyar da matsala take ne, ba ta cewa a sayi sabon kaya. P0500 na iya fitowa saboda wayar da ɓera ya ci, sensar kuwa lafiyarta lau. Kuma goge lambar ba gyara ba ne, domin fitilar za ta dawo, an kuma share shaidar da makaniki na gaba zai yi aiki da ita. A lura kuma cewa ƙananan na'urorin gwaji da yawa injin kawai suke karantawa, ba sa shiga ABS ko jakar iska, don haka cewarsu babu matsala ba ta wanke motar ba.

Ɓangaren da ke jan totur shi ne na ƙarshe da za a zarga. A motocin da suka girmi tsarin totur na lantarki, za a ga wani gwangwani a ƙarƙashin bonet mai wayar ƙarfe da ke zuwa bakin totur, kusa da wayar feda. Wasu da ƙaramin inji na lantarki suke ja, wasu kuma da zuƙar iskar injin ta cikin siririn tiyon roba. Irin wannan tiyo yakan tsage a bakinsa inda ya bushe, a ji yana shan iska, kuma alamarsa ita ce kurus ya kama a shimfiɗaɗɗiyar hanya amma gudu ya riƙa zubewa a hawa. A duba kuma ko kan wayar ya zame daga maƙalinsa. A sababbin motoci babu gwangwani babu waya, kwamfuta ce ke juya bakin totur kai tsaye, kuma idan matsala ta kai can ba kurus kaɗai za ta taɓa ba, motar ma za ta rage ƙarfi ta kunna fitila. Shi ya sa nake shakkar duk wanda ya fara da cewa kwamfuta ce ta ƙone alhali injin na tashi yana tafiya sumul. Kafin a kai ga wannan magana a gwada batir, wanda ya kamata ya nuna wajen bolt 12.6 a kashe, ya kuma haura 13.5 injin na aiki, a kuma duba kawunansa da wayar da ke haɗe da jikin mota, domin raunin wuta yana rikita na'urori da yawa a lokaci guda.

Akwai kuma sabon samfuri mai lura da motar da ke gaba ya rage gudu da kansa, irin wanda Mercedes ta fitar da sunan Distronic a ƙarshen shekarun 1990, wanda yanzu ya bazu har ga ƙananan motoci. Wannan yana gani ne da rada da ke bayan tambarin gaba ko cikin bamba, wani lokaci tare da kyamara a saman gilashin gaba. Laka, ko ƙwari da suka manne, ko ruwan sama mai ƙarfi, ko hasken rana da ke dukan kyamarar kai tsaye, duk suna sa ya janye na ɗan lokaci, kuma tsumma mai tsabta yakan wadatar. Amma idan an taɓa bugun gaban motar ko da kaɗan ne, ko an cire bamba, ko an canza gilashi, to sai an sake saita radar da kyamarar da kayan aikin da aka tanada domin haka. Karkatar da ido ba zai gani ba a jikin rada tana zama babbar tazara a nesa, har motar ta riƙa ɗaukar ta layin gefe a matsayin wadda ke gabanta. Ƙarafan kariya da ake ɗaura wa gaban mota, da lambar da aka maƙala a kan tambari, su ma suna toshe ta.

Duk abin da na faɗa ya shafi na'urar da ta ƙi kamawa ne. Wadda ta ƙi saki ba kasafai ake samunta ba, amma ta fi haɗari nesa ba kusa ba, kuma ba tatsuniya ba ce, domin a watan Mayun 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kimanin miliyan 4.8 a Amurka saboda wata tangarda da ka iya hana direba kashe kurus, ya kuma umarci masu su da su daina amfani da shi har sai an sabunta manhajar motar. Idan haka ta faru da mutum, ya taka birki da ƙarfi ya riƙe ba tare da yana saki yana takawa ba, ya mayar da giya furi, ya kai motar gefen hanya, sannan ya kashe injin bayan ta tsaya. Kada ya zare makulli ana tafiya, domin sitiyari na iya kullewa. Motar da ta taɓa yin haka sau ɗaya ba a sake kunna mata kurus sai an gano dalili.

Bayan kowane gyara kuma akwai gwajin da bai kamata a tsallake ba. A samu hanya miƙaƙƙiya, busasshiya, marar cunkoso, a sa na'urar ta kama, sannan a tabbatar tana saki ta kowace hanya da aka tanada: da ɗan taɓa birki, da taka kuloci idan akwai, da maɓallin CANCEL, da babban maɓallin kashewa. A gwada RES a ga ko tana komawa gudun da aka ajiye a hankali ba da fizga ba. Ina roƙon makanikai da masu wayarin da su riƙa yin wannan gwaji tare da mai mota kafin su miƙa makulli, su kuma nuna masa tsohon kayan da suka cire da lambar da na'urar gwaji ta nuna. Su ma masu mota, idan makaniki ya ce zai haɗe wayoyin makunnin birki ko na kuloci kai tsaye domin kurus ya dawo, kada su yarda, domin abin da zai cire shi ne ainihin abin da ke sa na'urar ta saki totur idan an taka birki.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.